Baba ya hana ni aikin muhalli saboda hoton kwata

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina aji biyar a sakandare, gidanmu yana Rikkos a nan Jos. Malaminmu na labarin ƙasa ya kafa mana ƙungiyar kula da muhalli, ni ce ma sakatariya. Mukan bi aji-aji muna yi wa 'yan uwanmu bayanin illar zuba shara a kwata da cikin rafin Dilimi, wani lokaci kuma mu fita unguwa da kwalaye a rubuce. Makon jiya na ɗauki hoton kwatar layinmu da leda ta toshe, na sa a Facebook, na rubuta cewa masu zuba shara a nan ba su da tausayi. Ashe ƙofar shagon wani Alhaji abokin Baba ta fito a hoton, har da allon sunansa. Mutane suka yi ta zaginsa. Ya zo har gida ya sami Baba. Baba ya karɓe wayata, ya ce in fita daga ƙungiyar, wai yaushe aka haife ni da zan koya wa manya tsafta. Wallahi Anti gaskiya na faɗa, yaran shagon ne ke zubawa, da idona na gani. Ƙawayena sun ce in ci gaba a ɓoye tunda a makaranta ake taron. Ba na son saɓa wa Baba, amma raina bai kwanta da in bari ba. Yaya zan yi?

'Yarki daga Rikkos

Wa alaikumus salam, 'yata.

Shawarar ƙawayenki zan fara kawarwa, don ita ce mai sauƙin amsa: kada ki kuskura. Rikkos ba wurin ɓoye abu ba ce. Ranar da kuka fito da kwalayenku, kafin ki iso gida wani ya riga ya tare Baba a ƙofar masallaci ya ce ya ga 'yarsa. Yau laifinki ɗaya ne, hoto. A ranar kuwa kin zama wadda ta yi masa ƙarya, kuma uban da ya kama 'yarsa da ƙarya ba a kan maganar shara kaɗai yake daina yarda da ita ba. Har zancen tafiya jami'a sai abin ya shafa.

Sai hoton. Na yarda da ke, yaran shagon ne ke zubawa. Amma dubi abin da kika yi da gaskiyar taki. Kin ɗauki ƙofar mutum da sunansa, kin liƙa masa rashin tausayi, kin miƙa shi ga mutanen da ba su san shi ba, ba su taɓa taka layinku ba, suka yi masa caa. Shi kuwa ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa, Alhaji, ga abin da yaranka ke yi. Mai yiwuwa ma bai sani ba. Masu shago da yawa sai su ba yaro 'yan canji su ce a kai shara bola, yaron ya zagaya ta baya ya juye a kwata ya soke kuɗin a aljihu. Ko da ya sani, sa'an mahaifinki ba a yi masa gyara a bainar jama'a. Da Allah ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, cewa ya yi su yi masa magana mai laushi. Alhajin layinku dai bai kai Fir'auna ba.

Baba kuma ba leda yake karewa ba. Abokinsa ne ya tako har ƙofar gidansa da ƙarar 'yarsa, a unguwar da ake auna magidanci da tarbiyyar gidansa. Waccan magana ta "yaushe aka haife ki", kunya ce ta fito da ita. Don haka ki fara samun Mama, ita ta san lokacin da ake samunsa da sanyi. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kuma kada kalmar "amma" ta fito daga bakinki. Ki roƙe shi ya ba ki wayar a gabansa ki goge hoton. Sannan ki ce kina so ya sa a raka ki wurin Alhaji ki ba shi haƙuri shi ma. Ba za ki ce masa kwatar tsaf take ba, don wannan ƙarya ce. Abin da za ki ce shi ne kin sa sunansa a inda bai kamata ba, ya yafe miki. A ranar kada ki ɗago zancen ƙungiya ko kaɗan. Ki bari ƙura ta lafa.

Yanzu ga aikin kansa, kuma a nan maganata take da tsawo.

Abin da kuke yi yana da tushe, kuma babu unguwar da ta fi taku sanin haka. A daren 22 ga Yuli, 2012, a farkon azumi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da maƙwabtanta na bakin rafi. Sama da mutum 30 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Ke kina 'yar mitsitsiya a lokacin. Baba kuwa, in a nan yake zaune, ya gani da idonsa, ƙila ma da shi aka yi jana'iza. To kin ga wanda za ki je ki yi wa bayanin ambaliya? Tambayarsa ya kamata ki yi. Wata rana in kun shirya, ki ce, Baba, ran nan ina ruwan ya kai? Ta ina ya fara shigowa? Wace gada ce ta fara cika? Zai ba ki labarin da babu shi a littafin labarin ƙasa, kuma mutumin da aka tambaya ya ba da labari da bakinsa, da wuya ya juya ya ce aikin banza ne.

Ku kuma kiyayi ƙarin gishiri. Kada ku ce leda ce ta kashe mutane a 2012. Akwai yawan ruwan da aka yi, akwai madatsar, akwai gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, toshewar magudanai ƙari ce a kan waɗannan. Haka maganar sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ruwan da ya kwanta a fili, irin na sawun taya da ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Kwata mai wari ta fi tara wani irin sauron, da ƙudaje, da ƙazantar da ke malala cikin rijiya ko bututun famfo da ya fashe ta kawo amai da gudawa. Dattijo ɗaya ya kama ku da kuskure ɗaya, shi ke nan ya samu dalilin watsar da sauran.

Amma babbar matsalar ƙungiyoyin ɗalibai irin taku, a ganina, ita ce suna zaton mutane ba su sani ba ne. Babu matar aure a Rikkos da ba ta san shara na toshe kwata ba. Ita ce fa ke kwashe ruwa da bokiti daga tsakar gida in kwatar ta yi amai. Ki ɗauki mace a can cikin lungu inda mota ba ta shiga. Bola tana da nisa. Mai kura sai an biya shi, kuɗin cefanen kuma da ƙyar ya kai ga manja da maggi. Kwandon shara ya cika, ga kunzugun jariri a ciki, ga ƙudaje. Hadari ya haɗu. Sai ta ce wa yaro, maza je ka juye a kwata ruwa ya tafi da ita. In kuka zo mata da kwali kuka ce a daina, za ta ce to, Allah ya yi muku albarka, ta jira dare. In kuwa kunya ta kama ta sosai, sai ta tara sharar a ƙofar gida ta cinna mata wuta, hayaƙin leda da roba ya shige ɗakuna, mai asma da jariri su kwana suna tari. Kun hana ta abu ɗaya, kun tura ta ga wanda bai fi shi ba. Duk wanda ya ce wa mutum kada ka zuba a nan, wajibi ne ya zo da amsar tambayar da za ta biyo baya: to ina zan kai?

A nan ne ɗalibai suke da abin da manya ba su da shi. Kuna da yawa, kuna da biro da takarda, kun iya lissafi, kuma ba wanda zai zarge ku da neman kwangila ko ƙuri'a. Ku bar Jos gaba ɗayanta, ta fi ƙarfinku. Ku ɗauki layi ɗaya, ko wanda makarantarku take kai. Ku bi shi tare da malami ku ƙirga gidaje da shaguna. Ku auna taku nawa ne daga gidan ƙarshe zuwa bola mafi kusa. Ku tsaya a kowace kwalbati ku rubuta wadda ta toshe da abin da ya toshe ta, leda ce, yashi ne, ko wani ne ya ɗora bulo ya rufe ta. Ku tambayi mai kura nawa yake karɓa, ina kuma yake kaiwa, don akwai mai karɓar kuɗi ya je ya juye a bakin rafi. Ku tambayi matan layin, ba ku gaya musu ba, ku tambaye su: in da akwai tanki a bakin titi, za ku aika yara? Nawa gida zai iya bayarwa a mako? Sannan ku zana taswirar layin a takarda ɗaya. Ai darasin labarin ƙasa ke nan.

Ku gwada wani abu kuma a makaranta. Ku tara sharar yini ɗaya, ku baje ta a kan buhu, da safar hannu, ku ware. Ledar fiya wata gefe, robar lemo gefe, gwangwani, takarda, ragowar abinci. Za ku ga da idonku cewa ba duka ba ce sai an zubar. Roba da gwangwani da ƙarfe 'yan bola jari na saye. Toka da ɓawon kayan miya taki ne, kuma masu lambun rani a kewayen Jos sun daɗe suna amfani da tokar bola a gonakinsu. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan ba shi da yawa, ɗaukarsa ma ya fi araha. Wannan magana ce da uwar gida za ta saurara, don ta taɓa aljihunta. Wata da za ta saurara kuma ita ce ta lambu: da ruwan Dilimi ake ban ruwan wasu kayan lambun da ke shigowa kasuwa, latas da kabeji da karas, kuma latas ba a dafa shi.

In kun haɗa wannan, sai ku rubuta wa hukuma takarda. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ku kuwa kuna ƙarƙashin Jos ta Arewa ne. Jihar Filato kuma tana da hukumar kare muhalli da tsafta, PEPSA. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, kuma kada ku cika ta da wa'azi. Ku ce mu ɗaliban makaranta kaza ne, mun ƙirga gida kaza a layi kaza, ga nisan bola, ga kwalbatin da suka toshe, muna roƙon abu ɗaya. Ku faɗi abin: tankin shara a mahaɗa kaza, ko mota sau ɗaya a mako. Shugaban makaranta ya sa hannu, mai unguwa ya sa hannu. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi, ku kuma ba kansilan mazaɓarku wani kwafin daban. Bayan mako biyu malami ya koma ya tambaya, sannan ya sake komawa. Ban yi miki alkawarin tanki zai zo ba. Amma takarda mai hatimi da lissafi a cikinta ta fi zama a ran ma'aikaci fiye da zagin Facebook, kuma in wata rana kuka samu fili a gidan rediyo kamar PRTV, kuna da abin karantawa. Hoto ma yana da amfani a nan, hoton kwalbati, ba ƙofa, ba fuska, ba allon shago, kuma cikin ambulan zai fara shiga kafin intanet.

Lokaci kuma a lura da shi. Makarantu sun saba jira sai 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, su fito da ganga da kwalaye. A Jos kuwa tun Afrilu ruwa ya sauka, Yuli da Agusta ne ƙarfinsa. Yashe kwata aikin watan Maris ne, lokacin da take a bushe. Takardarku ta fita tun ana sanyi.

Maganar manya kuwa, ku bar wa masu ita. Abin da kuka gano ku taƙaita shi a rabin shafi, malami ya kai wa mai unguwa da liman. Liman ya fi ku sanin hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma in ya faɗa bayan Magariba, Alhaji da Baba suna sahun gaba suna gyaɗa kai. Maganar taku ce, sai dai ta fito daga bakin da ba a ce wa yaushe aka haife ka. Ku 'yan mata kuna da ƙofar da maza ba su da ita, Islamiyyar matan aure. Ku nemi izinin malama ta ba ku minti goma. Dilimi kuma ba ta tambayar addinin unguwar da take ratsawa, sharar na sama ce ke sauka wa na ƙasa. In malaminku yana da abokin aiki a wata makaranta da ke can gaba, ta mishan ce ko ta gwamnati, su haɗa ku ku yi aikin tare, su ma su kai tasu takardar ga fastonsu da mai unguwarsu.

Inda ke ce babba, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya, shi ne wurin ƙannenki da 'yan firamare. Su ne fa ake aike da kwandon. Su ne kuma ke wasa a bakin rafi. Ku koya musu cewa ko da rana ake ƙwallewa a Rikkos, in an yi ruwa a can saman duwatsu, rafi na iya cika cikin ɗan lokaci, kada su tsallaka in sun ga ruwan ya yi ja yana ƙaruwa. Ku gaya musu labarin kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, a wajen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Ruwansu a kwance yake luf, amma suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, ƙasansu laka ce, kuma sun sha cin yaran da suka shiga wanka. Wannan ma aikin muhalli ne, kuma ba ya buƙatar hatimin kowa.

Abu ɗaya ban yarda da shi ba ko da Baba ya amince: ki shiga kwata da hannu. Akwai fasasshiyar kwalba, akwai allurar da aka yar, akwai bayan gida. Yashewa aikin manyan maza ne masu shebur da takalmin ruwa. Shiga gida-gida kuma sai da malama, da rana, cikin kayan makaranta, ba ke kaɗai ba.

Shi Alhajin, kada ki cire shi daga lissafi. In wata ɗaya ya wuce, zukata sun yi sanyi, ki ce wa Baba, da za a samu rabin duro a ajiye a gaban shagunan nan, masu shagon su haɗa kuɗin mai kura, da yaran sun daina juyewa a baya. Ki bar shi ya kai maganar a matsayin tasa. Ɗan kasuwa yana son a ga sunansa a kan abin alheri, in ya sayi duron a rubuta sunan shagon da fenti ɓaro-ɓaro. Kada ki damu da wa za a yaba.

To in kin yi duk wannan Baba ya ce har yanzu a'a fa? Ki bi. Ki miƙa littafin sakatariya ga wata, ki gaya wa malami dalili ba tare da kin aibata mahaifinki ba. Ki roƙi malamin ya zo gida ya gaida Baba, namiji da namiji, ya nuna masa taswirar da takardar, ya gaya masa waɗanne ranaku ake taro da ƙarfe nawa ake tashi. Iyaye da yawa ba aikin suke tsoro ba, rashin sanin inda 'yarsu take da wanda ke kula da ita ne. In hakan bai yi ba, ki tambayi Mama wane ne Baba ba ya iya musa wa, kawu ne ko gwaggo. Kafin nan kina da aiki a gida: buhu ɗaya na leda, ɗaya na roba, a rataye a bayan kicin, da ƙannen da kika hana juyewa a kwata. Rubutun takarda kuma a ɗaki ake yi, da saninsa. Ga WAEC tana jiranki baɗi, ita ma tana da haƙƙinta.

Ki kai wa malaminku wannan amsar ya karanta, don akwai rabonsa a ciki. Malam, Allah ya saka da alheri, amma kafin ka sake fitar da yaran mutane unguwa, ka rubuta wa iyayensu takarda su sa hannu, ka je ka gaida mai unguwa tukuna, kuma ka kafa doka cewa babu hoton da zai hau Facebook ko WhatsApp da sunan ƙungiya sai ka gan shi.